Ga kati a hannu, amma sai an biya: ina kuɗin inshorar lafiya suke maƙalewa?

Daga Aboabo zuwa Sawaba, daga Asawase zuwa Tafo Zongo, a nan Kumasi ta ƙasar Ghana, duk inda mata suka taru wurin suna ko samari suka kewaye butar ataya, da zarar an taɓo maganar asibiti sai jama'a ta rabu biyu. Wasu su ce inshora ta daɗe da mutuwa, farasitamol kaɗai ya rage mata. Wasu su ce a ji tsoron Allah, ba don katin nan ba da sun sayar da kayan ɗaki ranar da aka yi wa matarsu tiyatar haihuwa. Ba a jimawa sai musun ya koma na jam'iyyun NPP da NDC, a manta da mara lafiyar da aka fara magana a kansa. Duka ɓangarorin biyu abin da suka gani da idonsu suke faɗa, babu maƙaryaci a cikinsu. Abin da ba a cika tsayawa a bi diddiginsa ba shi ne hanyar da kuɗin ke bi daga aljihunmu har zuwa tagar karɓar magani, domin a kan wannan hanya ce ake samun giɓin da ke sa nas ta dubi uwa ta ce, "Mma, wannan babu shi a nan, sai ki fita waje ki saya."

Waɗanda suka manyanta sun san abin da ake gudu. Bayan samun 'yancin kai a 1957, gwamnatin Kwame Nkrumah ta mayar da jinya a asibitocin gwamnati kyauta. Da tattalin arziki ya durƙushe, aka kawo dokar biyan kuɗin asibiti a 1985, kuma zuwa farkon shekarun 1990 tsarin "biya kafin a taɓa ka" ya kankama sosai. A wancan zamani mutum na iya zuwa jini na zuba a ce sai ya ajiye kuɗi tukuna, kuma mai jego na iya kwana da kwanaki a asibiti bayan an sallame ta, tana jiran dangi su harhaɗo abin da ake bin ta. Wannan ne John Agyekum Kufuor na NPP ya yi alkawarin kawarwa, kuma a 2003 majalisa ta zartar da dokar inshorar lafiya ta ƙasa, doka mai lamba 650. A 2012, lokacin mulkin NDC, aka sauya ta da doka mai lamba 852, wadda ta haɗe ƙananan ofisoshin gundumomi a ƙarƙashin hukuma guda, NHIA. Ke nan kowace jam'iyya tana da hannu a ginin, kowace kuma tana da hannu a tsagar da ke jikinsa.

Mutane da yawa suna ɗauka cewa 'yan sidin da suke biya a shekara don sabunta kati su ne kuɗin inshorar. Ba haka ba ne. Abin da masu sana'ar hannu da 'yan kasuwa ke biya a matsayin kuɗin shekara bai kai kashi 5 cikin 100 na abin da asusun ke samu ba. Mafi yawan kuɗin, wajen kashi 70 ko fiye, yana fitowa ne daga harajin inshorar lafiya na kashi 2.5 cikin 100 da ake ɗorawa a kan kayayyaki da ayyukan da ake biyan harajin VAT a kansu. Ɗanyen abincin kasuwa kamar doya da masara ba ya ciki, amma in ka sayi siminti ko fenti, ko ka sayi katin waya, ko ka ɗauki kaya a babban shago, ka biya. Sai kuma wani kashi 2.5 da ake cirewa daga abin da ake tara wa ma'aikatan albashi a asusun fansho na SSNIT. Ma'anar wannan ita ce tela a Yalwa da mai gyaran mota a Suame da 'yar kaya a Kejetia duk suna zuba kuɗi a asusun, ko suna da kati ko ba su da shi. Shi ya sa raina ke ɓaci in na ji ɗan siyasa yana maganar inshora kamar wata sadaka ce jam'iyyarsa ta yi mana. Kuɗinmu ne, kuma wanda ya bar katinsa ya mutu yana biya wa wasu ne shi bai amfana ba.

To in kowa na biya, me ya sa asibiti ke kukan rashin kuɗi?

Harajin ba ya tafiya kai tsaye hannun NHIA. Hukumar tara haraji ce ke karɓa, ya shiga baitulmali, sannan ma'aikatar kuɗi ta saki abin da ta saki a lokacin da ta ga dama. Gwamnatin da bashi ya yi wa katutu, ga albashi ga kuɗin ruwa, ba ta gaggawar sakin kuɗin da ya riga ya shigo hannunta. A 2017 kuma aka yi dokar da ta sa wa duk asusun da aka keɓe wa wani aiki iyaka: gaba ɗayansu kada su wuce kashi 25 cikin 100 na harajin da ƙasa ta tara, abin da ya haura sai gwamnati ta karkatar da shi wani wurin. Daga kasafin 2023 aka ƙara matse iyakar zuwa kashi 17.5. Wato an karɓi kuɗi daga hannunka da sunan lafiya, amma doka ta halatta a kashe wani ɓangare a kan abin da ba lafiya ba. Sai a kasafin 2025 ministan kuɗi Cassiel Ato Forson ya sanar da cire wannan iyaka daga harajin inshorar. Mataki ne mai kyau kuma ya cancanci a yaba, amma rubuta adadi a kasafi daban, kuɗi su sauka a asusun asibiti daban.

Daga can sai a zo kan asibitin kansa. Idan ka je da kati aka duba ka, asibiti ba ya karɓar komai a ranar. Zai rubuta abin da ya yi maka, ya tura wa hukumar, a tantance a ɗaya daga cikin cibiyoyin tantancewa (akwai guda a nan Kumasi, sauran suna Accra da Tamale da Cape Coast), sannan a biya. A ƙa'ida bai kamata abin ya wuce wata uku ba. Amma an yi shekarun da asibitoci suka jira fiye da rabin shekara, har ƙungiyar asibitocin mishan da ta masu zaman kansu suka sha yin barazanar daina karɓar kati. Kuma ko an biya, ba abin da asibiti ya kashe ake mayar masa ba. Hukumar tana da nata farashin da ta yanke wa kowace irin jinya da kowane magani da ke cikin jerinta, kuma wannan farashi ba ya motsi sai an zauna an sake duba shi.

A nan ne shekarar 2022 ta yi ɓarna. Sidi ya faɗi warwas, hauhawar farashi ta kai kashi 54.1 cikin 100 a watan Disamba na shekarar, ga shi mafi yawan magungunan da muke sha daga waje ake shigo da su da dala. Ka ɗauka Hajiya mai wake da shinkafa ce ta yarda ta riƙa ciyar da ma'aikatan wani kamfani bashi, a kan farashin bara, a biya ta bayan wata shida, alhali mai shinkafa a kasuwa yana son kuɗinsa yau a kan farashin yau. Abu uku ne a gabanta: ta rage kwano, ko ta ce nama ya ƙare, ko ta ce duk mai son ƙwai ya ƙara wani abu daga aljihunsa. Su ne abubuwa ukun da muke gani a asibiti. A ba ka magani mafi arha, ko a ce babu sai ka je waje, ko a ce ka yi ciko. Hukumar NHIA ta sha nanata cewa wannan ciko haramun ne a kan abin da kati ya ɗauka, kuma ta yi gaskiya ta fuskar doka. An ƙara farashin da ake biyan asibitoci a 2022 da 2023, amma kullum kasuwa na gaba, jerin hukuma na bin ta a baya.

Ba ina wanke ma'aikatan asibiti gaba ɗaya ba ne. Akwai inda ake fakewa da jinkirin gwamnati a karɓi kuɗi ba rasit, akwai kuma inda ake karɓa a hannun mara lafiya sannan a sake turawa hukuma ta biya. Wanda ya fi shan wannan shi ne wanda ba ya iya karanta takardar da aka miƙa masa, ko tsohuwar da ba ta jin Turanci kuma Asantancinta bai kai na musu da ma'aikaci ba. Irin waɗannan suna da yawa a unguwanninmu. Abin da ya kamata ya zama al'adarmu shi ne tambaya cikin ladabi: wannan kuɗin na mene ne, yana cikin inshora ko ba ya ciki, kuma a ba ni rasit. Ba faɗa ba ne, haƙƙi ne, kuma ɗa ko jikan da ya yi boko bai kamata ya bar Mma ta je asibiti ita kaɗai ba.

Wani ɓangaren rikicin kuma daga rashin sanin iyakar katin ne. Hukumar tana cewa ya ɗauki kusan kashi 95 cikin 100 na cututtukan da aka fi fama da su a Ghana, kamar zazzaɓin cizon sauro, gudawa, ciwon huhu, hawan jini, ciwon suga, da tiyata da dama. Sauran kashi 5 ɗin su ne masu karya gida. Shekara da shekaru wankin ƙoda ga mai ciwon ƙoda na dindindin ba ya ciki, haka ma yawancin ciwon daji in ban da na mama da na bakin mahaifa. Daga baya aka shigar da nau'i huɗu na dajin yara, da maganin da ke rage wa masu sikila yawan tashin ciwo. Wankin ƙoda sai da aka yi ta hayaniya a 2023, lokacin da aka ga sanarwar ninka kuɗinsa a asibitin Korle Bu, kafin a fara ɗaukar nauyin yara da tsofaffi a tsakiyar 2024, sannan a buɗe wa kowa daga 1 ga Disamba, kwana shida kafin zaɓe. Mutane sun lura da wannan lokaci, kuma ba su yi laifi ba da suka lura.

Inda na fi so a tsaya a yi tunani shi ne wajen mata da yara, domin a nan katin ya fi yin aiki kuma a nan muka fi yin sakaci da shi. Tun watan Yuli na 2008 mace mai ciki tana yin rajista ba ta biya ko kwabo ba, kuma katin ya ɗauki awon ciki, haihuwa har da tiyata, da duba ta bayan haihuwa. Jaririn ma yana cin albarkacin katin uwarsa har wata uku. Yaran da ba su kai shekara 18 ba ba sa biyan kuɗin shekara, sai ɗan abin da ake biya na rajista, haka ma tsofaffi daga shekara 70. Binciken lafiyar iyali na ƙasa ya nuna cewa a 1988 yara 155 cikin kowane 1,000 ba sa kai shekara 5, a 2022 kuma adadin ya sauko zuwa 40, kuma fiye da kashi 80 cikin 100 na haihuwa yanzu a asibiti ake yi. Ba inshora kaɗai ta kawo wannan ba, akwai rigakafi da gidan sauro da ruwa mai tsafta, amma duk wanda ya ce cire kuɗin haihuwa bai taka rawa ba bai san yadda ake yanke shawara a gidan talaka ba.

Sai dai haihuwa kyauta ba ta taɓa zama kyauta har ƙarshe ba. Akwai jerin kayan da ake ba mai ciki ta sayo, su Dettol da sabulu da auduga da ledar shimfiɗa. Akwai hoton ciki da gwajin jini da sau da yawa ake turawa waje. Idan ana bukatar ƙarin jini, sai an nemo 'yan'uwa su bayar a madadin wanda za a ɗauka. Ga kuɗin mota cikin dare. Waɗannan su ne ke sa miji ya ce ai ƙarya ake yi, shi ya biya. Ya biya ɗin, amma da ya tambayi abin da tiyatar haihuwa ke ci a asibitin kuɗi da ya san girman abin da aka ɗauke masa.

Matsalar da ta fi damuna ita ce abin da ke faruwa bayan wata ukun nan. An yi suna, an ci an sha, uwa ta koma kasuwa ko wurin tuyar ƙosai domin ita ba ta da hutun haihuwa na mako 12 da dokar ƙwadago ta ba ma'aikaciyar albashi, yaro yana hannun kaka ko yayarsa. Ana kai shi awo a farko saboda allurar rigakafi, daga baya a yi sanyi. Ba wanda ya tuna a yi masa katinsa na kansa. Ranar da jikinsa ya yi zafi, sai lissafi ya shigo: in aka je asibiti za a wuni a layi, ciniki ya tafi, kuma wataƙila a ƙarshe a ce a sayi maganin a waje. Sai a wuce shagon magani na bakin titi a ce a ba da na zazzaɓi, ba gwaji ba komai, ko a jiƙa wani abu a gida. Sau da yawa Allah na kawo sauƙi. Amma zazzaɓin cizon sauro a jikin ƙaramin yaro yana iya shanye masa jini cikin kwana biyu zuwa uku, kuma lokacin da aka ga idonsa ya yi fari ko ya fara jijjiga aka ruga da shi, jinyar da da ƙwayoyi kaɗan za su gama ta ta koma ta gado da ƙarin jini. Wannan shi ne ainihin hasarar da cikon nan da "je ka saya a waje" ke jawowa. Ba 'yan sidin da aka karɓa ba ne kawai, yarda ce ke zubewa, kuma idan uwa ta daina yarda da asibiti jinkiri take yi.

Ga shi kuwa sabunta kati ya yi sauƙi tun ƙarshen 2018, ana danna *929# a waya a biya da MoMo, wato kuɗin da ake turawa ta waya, ba sai an je ofis an yi layi ba. Babban da ya bar nasa ya daɗe a mace sai ya jira wata guda bayan sabuntawa kafin ya fara aiki, shi ya sa sabuntawa a bakin ƙofar asibiti ba ta cika yin amfani ba. Masu ciki da yara 'yan ƙasa da shekara 5 ba sa wannan jira. Duk da haka a 2021 masu kati mai rai a ƙasar ba su wuce rabin jama'a da yawa ba, cikin mutum miliyan 30.8 da aka ƙirga a shekarar. Ina ganin limamanmu da masu wa'azi a rediyo da shugabannin ƙungiyoyin mata na adashi za su iya yin abin da tallan gwamnati ya kasa. In ana tara kuɗin anko da na gudummawar biki a kan lokaci, za a iya sa ranar duba katin yara a cikin lissafin.

Mu mutanen Kumasi muna da wani tabo na daban. A watan Janairun 2012 aka zaɓi yankin Ashanti don gwada wani sabon tsarin biya: kowane mai kati ya zaɓi asibiti guda da zai riƙa zuwa, hukuma kuma ta riƙa ba asibitin wani ƙayyadadden kuɗi a kan kowane kai duk wata, ko mutum ya zo ko bai zo ba. Manufar ita ce a hana yawo daga asibiti zuwa asibiti da kumbura takardun neman biya. Amma asibitoci suka ce kuɗin ya yi kaɗan, wasu masu zaman kansu suka janye, jama'a kuma suka ce gwamnatin NDC ta zaɓi gidan NPP ne don ta gasa musu. Mutanen zango, waɗanda da yawansu NDC suke yi, suka sha wahalar tare da kowa. An dakatar da tsarin a 2017 bayan sauyin gwamnati, ba tare da an zauna an fayyace wa jama'a abin da ya yi aiki a cikinsa da abin da bai yi ba. Tun daga nan duk gyaran da aka kawo, tambayar farko a gari ita ce wace jam'iyya ce ta kawo.

Haka alkawura suka yi ta zuwa. A 2008 NDC ta ce za a biya kuɗin inshora sau ɗaya a rayuwa, ba a taɓa aiwatarwa ba. A watan Agustan 2021 Nana Akufo-Addo ya aza harsashin shirin asibitoci 111 a Trede, nan kusa da mu, ya sauka mafi yawansu ba su fara karɓar marasa lafiya ba. Ginin sashen haihuwa na asibitin Komfo Anokye da aka fara tun 1976 ya tsaya shekaru fiye da 40, a ƙarshe aka rushe shi don a sake sabo, har sai da Sarkin Asante Otumfuo Osei Tutu II ya fito da kansa a 2023 yana neman gudummawar dala miliyan 10 don gyara tsofaffin ɗakunan kwanciya. Kati ba ya haifar da gado, ba ya kuma riƙe nas ɗin da ta samu hanyar Ingila. A 2025 gwamnatin John Mahama ta kafa asusun MahamaCares don cututtuka masu cin kuɗi irin su daji da ciwon ƙoda, kuma wani kaso na kuɗinsa daga asusun inshorar zai fito. Bukatar gaskiya ce, duk wanda ya taɓa ganin ana yawo da takardar neman taimako a masallaci bayan sallar Juma'a ya sani. Abin da ya kamata a sa wa ido shi ne kada a biya wa mai ciwon ƙoda da kuɗin da asibitin unguwa ke jira don sayen maganin zazzaɓin yara. Tambayoyin da za a yi wa ɗan majalisa idan ya zo gaisuwar Sallah ba su da wuya: nawa aka tara na harajin bana, nawa aka saki, kuma wata nawa asibitocin mazaɓarmu ke bin hukuma.

Akwai kuma abin da ya shafe mu fiye da maƙwabtanmu. Yanzu ana haɗa katin inshora da Ghana Card, wato katin shaidar ɗan ƙasa, har ana iya zuwa asibiti da shi kaɗai. Ga wanda yake da shi sauƙi ne. Amma a zango akwai dattijon da aka haifa a Kumasi, aka haifi ubansa a Kumasi, ba shi da takardar haihuwa, kuma da ya faɗi sunansa a wurin rajista sai a fara tambayarsa garinsu na asali. Wasu sun gaji da wannan tambaya sun haƙura da katin gaba ɗaya, suka haƙura da na 'ya'yansu ma. Dokar 2012 ta ce inshorar ta duk mazaunin Ghana ce, ba ta ce sai ɗan ƙasa ba, kuma harajin da ake cirewa a shago ba ya tambayar kowa asalinsa. Sarakunan zango da 'yan majalisar unguwa suna da aiki a nan: su tsaya wa irin waɗannan mutane a ofisoshin rajista, su kuma matsa wa iyaye su karɓi takardar haihuwar jariri tun yana cikin shekararsa ta farko, lokacin da ake yin ta kyauta.